Kun Rubuta "Tammat", Amma Littafin Bai Ƙare Ba Tukuna

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce wani ƙunshi ya iso teburinmu: littattafan rubutu guda uku masu falle 80, an ɗaure su da roba, an cika su da shuɗin biro tun daga bangon farko har na ƙarshe. Wata ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare ta aiko. A sama ta ɗora 'yar takarda tana cewa ta gama ƙagaggen labarinta na farko, tana so mu duba mu gaya mata inda za ta kai a buga kafin hutu ya ƙare. A shafin ƙarshe ta rubuta "Tammat bi hamdillah" da manyan baƙaƙe, har ta ja layi biyu a ƙasa.

Mun karanta, kuma tsakani da Allah labarin yana da daɗi. Yarinyar ta iya sa mutane magana a takarda, abin da ke gagarar manya da yawa. Sai dai a babi na 3 mahaifiyar tauraruwar labarin ta rasu, an yi jana'iza, an yi zaman makoki, mu kanmu sai da jikinmu ya yi sanyi. A babi na 11 sai ga baiwar Allah a madafi tana tuƙa tuwo, babu wanda ya yi ko salati. Ƙanen tauraruwar kuwa ya shigo labarin da suna Nura, ya fita da suna Nasiru.

Muka tambaye ta ko ta sake karanta littafin daga farko bayan ta gama. Ta ce a'a. Tsoro take ji kada ta karanta ta ga bai yi kyau ba, wahalar wata bakwai ta tashi a banza.

Ba ita kaɗai ba ce. Cikin ƙannenmu masu rubutu, wasu suna ajiye biro yau, gobe suna neman maɗaba'a, ko su watsa labarin ta waya kafin tawada ta bushe. Wasu kuma sukan buɗe shafin farko, su ji kunya ta kama su, su cusa littafin ƙarƙashin katifa, wani ma ya yayyaga. Duka biyun littafin suke kashewa, domin rubutun farko ɗanyen kaya ne, kuma ba a taɓa yin marubucin da nasa ya fito a nune ba.

Abin da Achebe ya yi da nasa

Da wuya a sami ɗan sakandare a Nijeriya da bai ji sunan Things Fall Apart ba. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne, littafin da Chinua Achebe ya fara rubutawa ba shi ne wannan da ke hannunku ba. Yana aiki a gidan rediyon gwamnati a Legas ya soma shi, da hannu yake rubutawa. Abin da ya tsara da farko dogon labari ne na zuriya guda: Okonkwo, da ɗansa, da jikansa, tun daga shigowar Turawa ƙasar Ibo har zuwa zamanin da shi Achebe yake ciki.

A 1956 aka tura shi Landan ya yi kwas a BBC, ya tafi da rubutun a cikin kayansa. A can ya nuna wa wani marubuci Bature mai suna Gilbert Phelps. Phelps ya karanta, abin ya burge shi, har ya nemi a bar shi ya kai wa masu buga nasa littattafan. Ku sa kanku a matsayin Achebe: saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai taɓa fitar da littafi ba, ga shi a Landan, ga kuma wanda zai buɗe masa ƙofa. Da yawanmu da gudu za mu miƙa. Shi kuwa ya ce a dakata, da sauran aiki.

Da ya dawo gida ya sake zama a kan rubutun, ya ga labarin ya fi ƙarfin littafi ɗaya. Sai ya sa wuƙa. Ya cire duk abin da ya biyo bayan Okonkwo, ya bar labarin mutum ɗaya da faɗuwarsa, ya ƙara wasu wurare, ya gyara babi-babi. Wannan da ya rage shi kamfanin Heinemann ya buga a 1958, kwafi 2,000 a bugun farko. Yau an fassara shi cikin harsuna fiye da 50.

Abin da ya yanke ma bai tafi bola ba. Labarin jikan, wato Obi, shi ya zama No Longer at Ease a 1960. Muna so ku riƙe wannan, domin abin da ya fi hana ɗalibi gyara shi ne tausayin shafukan da ya sha wahala a kansu. Shafin da aka cire ana iya adana shi. Ku keɓe ambulan ko tsohon littafin rubutu don irin waɗannan. Wani lokaci a ciki littafi na biyu yake kwance.

A bar shi ya huce

Ranar da kuka gama, ba ku da idon da za ku ga littafin da shi. Labarin yana nan da ɗuminsa a cikin kanku, saboda haka duk inda takarda ta yi giɓi, ƙwaƙwalwa ce ke cikewa ba ku sani ba. Ɗalibarmu ta san mahaifiyar ta rasu. Ta manta ne kawai a daren da take rubuta babi na 11, kuma da ta karanta washegari, mai yiwuwa idonta ya wuce ta kan wurin bai tsaya ba.

Marubucin nan na Amurka, Stephen King, a littafinsa On Writing na shekarar 2000, ya ba da shawarar a kulle rubutun farko aƙalla mako shida ba a leƙa ba. Ga ɗalibi wannan ya zo daidai: in kun gama a hutu, ku ajiye, ku fuskanci karatu, sai hutu na gaba ku ɗauko. Ba ma son a ce don littafi wani ya faɗi jarrabawa, kuma gaskiya gyaran da aka yi tsakanin darasin lissafi da na kimiyya ba ya yin kyau.

Idan kuka buɗe bayan wata biyu, abu biyu za su faru. Za ku ci karo da jimlar da za ku ce, ashe ni na rubuta wannan? Za ku kuma ci karo da shafin da za ku so ƙasa ta tsage ku shige. Kada na biyun ya sa ku yanke hukunci. Shi King ɗin da kansa ya taɓa jefa shafukan farko na Carrie a kwandon shara, matarsa ce ta tsamo su ta ce ya ci gaba. Littafin ya fito a 1974, kuma shi ne na farko da aka buga masa. Jin kunyar tsohon rubutu alama ce ta cewa idonku ya ƙara buɗewa tun ranar da kuka rubuta shi.

Karatun farko: kada a taɓa waƙafi tukuna

A nan mafi yawan ɗalibai suke ɓata lokaci. Sukan ɗauki jan biro su fara da layin farko, a gyara wannan kalma, a ƙara aya a can, sai hutu ya ƙare suna babi na 2. Wanda zai rushe katanga ba ya fara yi mata fenti. Me ya sa za ku kwana kuna gyara waƙafin babin da ƙila cire shi za a yi gaba ɗaya?

Ku karanta littafin duka, cikin zama ɗaya ko biyu in zai yiwu, kamar aron sa kuka yi daga wajen wata ƙawa ko wani aboki. Fensir kawai za ku riƙe. Inda kuka ji hankalinku ya tafi wani wuri, ku yi alama a gefe. Inda kuka rikice, ku sa alamar tambaya. Inda kuka ji daɗi, shi ma ku yi masa alama, domin kada a zo gyara a ɓata shi.

Bayan nan sai ku sami falle ɗaya ku jera babobin, kowanne layi ɗaya tak: me ya canja a wannan babin? Ba abin da aka yi ake tambaya ba, abin da ya canja. "An je biki" ba canji ba ne. "A wajen biki ta gane yayarta ce ta ɓoye wasiƙar" canji ne. Duk babin da kuka rasa abin rubutawa a gabansa, ku tuhume shi. A littafin ɗalibarmu babi huɗu ne a jere ake ta shirin biki, ana zuwa kasuwa, ana zuwa wajen tela, ana lissafa atamfofi da leshi, amma babu wanda ya koyi wani abu ko ya rasa wani abu.

Wannan takardar za ta kuma nuna muku inda labarin ya fara da gaske, kuma sau da yawa ba a shafi na 1 ba ne. Mun saba da wata al'ada a littattafanmu na Hausa: a buɗe da tauraruwa tana tashi daga barci, a yi shafi uku ana siffanta idonta da hancinta da gashinta, sannan a tsayar da komai a ce "Wace ce wance?", a koma kan kakanta da garin da ya baro da yawan matan da ya aura. Mai karatu bai riga ya damu da ita ba, ina ruwansa da kakanta? Ku nemi shafin da matsala ta fara ƙwanƙwasa ƙofa, ku gwada farawa daga can. Tarihin gidan ana iya ɗiga shi kaɗan-kaɗan a gaba, lokacin da ake bukatarsa.

Sai takarda ta biyu, ta taurari. Kowane mutum da sunansa, da shekarunsa, da dangantakarsa da sauran, da garinsu, da shafin da ya fara bayyana, da wanda ya fita ko ya rasu. Da ɗalibarmu tana da wannan, da Nura bai zama Nasiru ba. A bayan takardar ku bi lokaci: wane wata ake ciki, damina ce ko rani, azumi ya wuce ko bai zo ba. Mun taɓa karanta labarin da tauraro ya hau bishiya ya tsinko nunannen mangwaro a tsakiyar hunturu, da wanda aka bar Kano bayan La'asar a mota aka yi Magariba a Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600. Mai karatu yakan yafe abubuwa da yawa, amma da zarar ya kama ku da irin wannan, ya daina yarda da sauran.

Akwai wata tambaya mai ɗaci da muke so ku yi wa kowane babi a wannan karatun: wannan abin na gan shi a rayuwa, ko a fim na gan shi? Motar da ta buge yarinya sai mai motar ya zama mijinta, hamshaƙin saurayin da ba ya dariya sai ya haɗu da 'yar talakawa, kishiyar da ba ta da aiki sai zuwa wajen boka. Ba laifi ba ne waɗannan su shigo rubutun farko, domin kowa da kwaikwayo yake fara koyo. Laifin shi ne a gan su a bita a ƙyale su. In kuwa kun tarar da wurin da kuka ɗauko kai tsaye daga littafin wani, ku cire shi yanzu, tun kafin wani ya gano ya haɗa sunanku da satar fasaha. Abin da kuka sani, wato layin famfo da asuba, da ɗakin kwanan ɗalibai bayan an kashe fitila, da yadda kakarku take faɗa, shi ne abin da babu wanda zai iya rubutawa sai ku.

Yanka da ƙari

King ya ba da labarin cewa yana ajin ƙarshe na sakandare, a 1966, wata mujalla ta dawo masa da labarinsa ba ta buga ba, amma wanda ya duba ya rubuta masa shawara a ƙasan takardar: rubutu na biyu ya zama ya gaza na farko da kashi goma cikin ɗari. Ya ce wannan ta canja masa yadda yake aiki. A lissafin ɗalibarmu, falle 240 ne, ke nan falle 24 za su tafi. Da muka gaya mata sai da ta dafe ƙirji.

Yawancin abin da ake yankewa ba babi ba ne, kitse ne a cikin jimloli. Ga irin jimlar da muke yawan gani:

"Cikin tsananin fushi da ɓacin rai da takaici ta kalle shi da idanunta waɗanda suka yi ja saboda fushi ta ce masa ya fita mata daga ɗaki."

Kalma 27 ke nan, kuma sau huɗu aka gaya mana ranta ya ɓaci. Ku gwada haka:

Ta ɗago jajayen idanu ta ce, "Fita."

Kalma bakwai, kuma fushin ya fi jin zafi. Kowane marubuci yana da kalmomin da ya maƙale wa, irin su "kawai", "sosai", "nan take", "ajiyar zuciya", "murmushi". Ku gano naku ku ƙirga su a babi ɗaya. Mun taɓa ƙirga ajiyar zuciya har ta kusa fin yawan shafukan babin.

Amma kada ku ɗauki kashi goman nan kamar doka. Wasu ɗaliban matsalarsu gaggawa ce. Sukan yi shafi biyar a kan girki, amma ranar da uba ya gano ɗansa ne ya ɗauki kuɗin, wato ranar da dukan littafin yake jira, sai a gama ta cikin layi uku. Dalili kuwa shi ne irin wannan wurin yana da wuyar rubutawa, sai hannu ya gudu. Ku nemi wuraren da kuka gudu ku koma ku zauna a cikinsu: wa ya fara magana, wa ya yi shiru, me uwa take yi da hannunta. Kun dai ji Achebe ma ba yanka kaɗai ya yi ba, har da ƙari.

Ƙarshen labari kuma ya cancanci a sake masa zama na musamman, domin a gajiye ake rubuta shi. Ernest Hemingway ya faɗa a wata hira a 1958 cewa sau 39 ya sake rubuta ƙarshen A Farewell to Arms, kuma a 2012 aka fitar da wani bugu da ya tattaro ƙarshe iri 47 da aka samu cikin takardunsa. Ba mu ce ku yi 39 ba. Ku dai rubuta biyu ko uku ku gwada su, musamman in naku ya ƙare da mugu ya haukace, kowa ya yi aure, marubuci kuma ya fito ya yi wa'azin shafi biyu a kan darasin da ke ciki. In labarin ya yi aikinsa, mai karatu ya riga ya ɗauki darasin.

Kunne ya fi ido kama kuskure

Idan ginin ya tsaya, sai a zo kan jimla, kuma a nan babu dabarar da ta kai karantawa da murya. Gustave Flaubert na Faransa, wanda ya shafe kusan shekara biyar a kan Madame Bovary, ya shahara da ɗaga murya yana karanta jimlolinsa don ya ji inda suka yi tuntuɓe. Mu abin ya fi shafarmu, tunda littattafan Hausa da yawa ta rediyo mutane suke jin su, ko wani ya karanta wa 'yan gida. Inda numfashinku ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, a raba ta. Inda harshenku ya sarƙe, na mai karatu ma zai sarƙe.

Kunne ne kuma zai gaya muku ko mutanenku suna magana kamar mutane. Ku rufe sunayen ku karanta hirar: za ku iya gane wa ke magana? In kaka 'yar shekara saba'in tana magana irin ta 'yar aji uku, akwai gyara. Ku lura da yadda ake kiran juna. Uwar da ke alkunya ba za ta riƙa kiran sunan ɗanta na fari gatsau ba, ƙanwa ba ta kiran yayanta da sunansa tsirara, suruka ba ta zama ta zuba wa surukinta zance kamar sa'anta. In kuka sa wata ta karya wannan, to ya zama da gangan ne, kuma sauran mutanen labarin su ji abin a jikinsu. Haka karin harshe: in tauraronku Basakkwace ne, ya yi Sakkwatanci a bakinsa tun daga farko har ƙarshe, amma bayanin marubuci ya tsaya a daidaitacciyar Hausa.

Daga nan ne, a ƙarshe, ake ɗaukar jan biro don ƙa'idojin rubutu. Rubutun waya ya ɓata mana hannu, kowa ya sani. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ba ado ba ce: "baki" daban, "baƙi" daban, haka "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari". Raba kalma da haɗe ta ma haka. Wanda ya rubuta "itace matarsa" maimakon "ita ce matarsa" ya aurar da bawan Allah ga makamashi. "Ta fi" ba "tafi" ba ce. Ana haɗe "yana" da "suna" da "yakan" da "gidansa", ana raba "za su" da "ba ya" da "shi ne". Waɗannan su ne dai abin da malamin Hausa yake koya muku don jarrabawa, saboda haka jifa ɗaya ce tsuntsu biyu.

Idon wani, da kwafin da ba a bayarwa

Kome ƙoƙarinku, akwai abin da ba za ku gani ba sai wani ya nuna muku. Ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga a boko ma haka suka bi. A gasar 1933 da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai da rubuce-rubucen suka bi ta hannun Rupert East ya duba ya yi gyara kafin su shiga maɗaba'a. Imam a lokacin matashin malamin makaranta ne a Katsina.

Ku zaɓi mutum biyu ko uku: malaminku ko malamarku ta Hausa, da wani mai yawan karatu wanda ba ya jin nauyinku. Kada ku tambaye su "Ya yi kyau?", domin amsar ita ce "Ya yi kyau, Allah ya ƙara basira", kuma ba za ta amfane ku da kome ba. Ku tambaya: a wane shafi ka ajiye ka tafi wani abu? Wa ka fi tsana? Ina ne ba ka gane ba? Idan suna magana ku yi shiru ku rubuta, kada ku kare kanku, tunda ba za ku bi kowane mai karatu gida ku yi masa bayani ba. In mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai dutse a wurin. Yadda za a kawar da shi kuwa naku ne, ba dole ku ɗauki maganin da suka ba ku ba.

Kafin littafin ya bar hannunku, ku ji ƙarashen labarin Achebe. Da ya gama gyara, a 1957, ya ɗauki kwafinsa ɗaya tilo na rubutun hannu ya aika wa wani kamfanin masu buga tafireta a Landan, haɗe da kuɗin aiki. Watanni suka shuɗe shiru. Sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta je hutu Ingila ta bi sawu, ta tarar an yasar da rubutun a ofishin ba a taɓa shi ba. Faɗan da ta yi ne ya sa aka buga aka aiko masa. Saura ƙiris da babu Okonkwo a duniya. Ku da kuke zamanin waya ba ku da uzuri: ku ari wayar yaya ko ta Baba ku ɗauki hoton kowane shafi, ko ku yi fotokwafi, sannan ku bayar. Mu ma nan muna roƙo, kada a sake aiko mana da kwafi ɗaya tilo.

Wani zai tambaya, yaushe ake daina gyara? Ranar da kuka ga kuna mayar da waƙafin da kuka cire jiya, aikin da za ku iya yi wa wannan littafin ya ƙare, sai a fara tunanin na gaba.

Ita kuwa ɗalibarmu, mun mayar mata da littattafanta uku da alamun fensir a gefe, ba mu gyara mata ko kalma ɗaya ba. Makon jiya ƙunshi ya sake isowa, wannan karon fotokwafi ne, kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Babobin biki huɗu sun koma ɗaya. Labarin yanzu yana buɗewa ne da daren da aka kai mahaifiyar asibiti, Nura kuma ya riƙe sunansa har ƙarshe. A babin da a da marigayiyar take tuƙa tuwo, yanzu tauraruwar ce a gaban tukunyar, tana riƙe da muciyar uwarta, tuwon yana ta yi mata gudaji ta rasa wanda za ta tambaya. A takardar da ta haɗo ta ce babi na 9 bai kwanta mata ba har yanzu, za ta sake duba shi bayan jarrabawa.